Makon Girmama Masu Ilmi

Muna gai da 'yan ajin Talata Mafara, da na Bakura, da na Maradun, maza da mata. Yau za mu ba ku labarin wani biki da a ke yi ko wace shekara a wata ƙasa mai nisa. Ana kiransa Makon Nobel.

Mu nan mun san biki. Mun san hawan salla, mun san naɗin sarauta. In za a yi naɗi a fadar Sarkin Mafara, ko ta Sarkin Burmin Bakura, ko ta Sarkin Kayan Maradun, gari ya kan cika, a yi kiɗa, a yi busa, a yafa alkyabba, a naɗa rawani. To, wannan biki da za mu gaya muku shi ma akwai sarki a ciki, akwai busa, akwai walima. Amma waɗanda a ke taruwa dominsu ba gado ya kawo su ba. Mutane ne da suka yi wani aiki da ilminsu, aikin nan kuwa ya amfani jama'a. Ku riƙe wannan, don shi ne kan maganarmu.

Mai Wasiyya

Can arewacin Turai akwai wata ƙasa sunanta Suwidin. Babban birninta Sitokholm. A nan aka haifi wani mutum, Alfred Nobel, cikin shekarar 1833. Sana'arsa haɗa sinadarai. A zamaninsa akwai wani ruwa da a ke fasa dutse da shi, amma mugun abu ne, da an jijjiga shi sai ya tashi. Cikin 1864 ya tashi a ma'aikatarsu, ya kashe mutane, har da ƙanen Nobel. Bai bar aikin ba. Ya yi ta gwaji har ya gane in an cuɗa ruwan da wata irin ƙasa, ana iya ɗaukarsa a kai shi inda a ke so lafiya. Cikin 1867 aka ba shi takardar shaida cewa shi ya ƙago wannan nakiya.

Da irin wannan nakiya a ke fasa duwatsu in za a yi hanyar jirgin ƙasa, ko titin mota, ko babbar madatsar ruwa. Nobel ya kafa ma'aikatu a ƙasashe da yawa, ya tara dukiya mai yawan gaske. Amma an yi yaƙi da abubuwan da ma'aikatunsa suka ƙera, shi ma ya san haka.

Nobel bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Ran 27 ga Nuwamba, 1895, ya sa hannu a wasiyyarsa a birnin Paris. Ya ce a ajiye mafi yawan dukiyarsa a riƙa juya ta, kamar yadda mu ke yin wakafi. Ribar da ta haifar ko wace shekara a raba ta kashi biyar, a ba waɗanda aikinsu ya fi amfanin 'yan Adam. Kashi ɗaya na masu binciken halin abubuwa, kamar haske da zafi da lantarki. Ɗaya na masu haɗa sinadarai. Ɗaya na masu ilmin likita. Ɗaya na masu rubuta littattafan hikima. Ɗaya na masu sulhunta al'ummai. Ya kuma ce kada a dubi ƙasar da mutum ya fito, a ba wanda ya fi cancanta kawai.

Ya rasu ran 10 ga Disamba, 1896, a garin San Remo na ƙasar Italiya. Da aka buɗe wasiyya sai rigima ta tashi. Waɗansu danginsa suka ƙi yarda, waɗansu mutanen ƙasarsa kuma suka yi gunaguni don baƙi za su ci dukiyar. Sai da aka shekara biyar kafin a ba da kyauta ta fari, cikin 1901. Daga baya, cikin 1968, babban bankin Suwidin ya ƙara kyauta ta shida, ta masu ilmin tattalin arziki, don tunawa da shi.

Kun ga amfanin rubutu ke nan. Da baki kawai ya faɗa, da maganar ta bi iska. Da ya ke a rubuce ta ke, ga shi an fi shekara 120 ana aiki da ita.

Yadda A Ke Zaɓe

Ba wanda ke neman wannan kyauta da kansa. Wanda ya rubuta sunan kansa ma ba a dubawa. Ko wace shekara a kan aika wa dubban manyan malamai na duniya takarda, a ce su faɗi wanda suka ga ya dace. Ran 31 ga Janairu a ke rufe karɓar sunaye. Sa'an nan majalisun malamai su zauna wata da watanni suna bincike. Ta ilmin likita tana da malamai 50. Ta littattafai tana da 18. Ta zaman lafiya mutum 5 ne, su kuwa a ƙasar Norwe su ke, maƙwabciyar Suwidin, majalisar dokokin ƙasar ce ke naɗa su.

Akwai ƙa'idodi. Mutum fiye da uku ba su raba kyauta ɗaya, ko da ya ke ta zaman lafiya a kan ba ƙungiya. Ba a zaɓen wanda ya riga ya rasu. Sunayen waɗanda aka kawo kuwa a kan ɓoye su har shekara 50, don kada a yi kamun ƙafa ko a ji haushin wani.

Farkon watan Oktoba a ke faɗin waɗanda suka ci, ko wace rana kyauta ɗaya. Litinin ta likita, Talata ta halin abubuwa, Laraba ta sinadarai, Alhamis ta littattafai, Jumma'a ta zaman lafiya, Litinin ta sama kuma ta tattalin arziki. Kafin a gaya wa duniya, a kan buga wa mai kyautar waya. Waɗansu cikin dare a ke tashe su, har su zaci wani abokinsu ne ke yi musu ba'a.

Baƙi Sun Sauka

Bikin kansa cikin Disamba a ke yi, don ya dace da ranar rasuwar Nobel. Lokacin nan mu muna kukan hunturu, amma sanyinmu wasa ne in an gwada da nasu. Can ruwa ya kan daskare, ƙanƙara ta rufe ƙasa. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas da rabi na safe, kafin ƙarfe uku kuwa ta faɗi. Saboda haka a kan ƙawata birnin da fitilu iri iri duk makon.

Wajen 5 ga wata baƙi su ke fara isowa, ko wanne da iyalinsa da abokan aikinsa. A kan sauke su a wani babban masauki bakin ruwa, daura da fadar sarki. Ko wane mai kyauta a kan ba shi mota da direba, da wani ma'aikacin gwamnati mai yi masa jagora, kamar yadda sarki ke haɗa babban baƙo da ɗan rakiya.

Ran 6 ga wata su kan taru a gidan tarihi na Nobel. A nan akwai al'adu biyu. Ta fari, ko wanne ya kan bar wani abu nasa wanda ya taimake shi wajen aiki. Wani masani ɗan Indiya, Amartya Sen, keken hawansa ya bari, wanda ya yi ta yawon ƙauyuka da shi yana binciken halin da talakawa ke ciki. Ta biyu, a kan ɗauko kujerar ɗakin shan shayi na gidan, a kife ta, mai kyauta ya rubuta sunansa a ƙarƙashinta. Masu zuwa kallo su kan riƙa kife kujeru don su ga ta wa suka zauna a kai. Ku da kuka koyi rubuta sunanku bana, kun san daɗin da mutum ke ji ran da ya bar dangwala yatsa.

Sa'an nan sai lacca. Wannan ita ce kaɗai abin da aka ɗora wa mai kyauta dole. Sai ya tsaya gaban jama'a ya bayyana aikinsa, yadda ya fara, da wahalar da ya sha, da waɗanda suka taimake shi. Ɗalibai da sauran mutanen gari su kan cika ɗakin. Hikimar abin ita ce, ilmin da aka girmama mutum dominsa kada ya tafi da shi cikin cikinsa. Ran 8 ga wata kuma da dare a kan yi musu kiɗa da waƙa.

Ran 10 Ga Disamba

Wannan ita ce babbar rana. Da safe a kan kai masu kyauta babban zauren kiɗa na birnin, inda a ke yin bikin tun 1926, a gwada musu yadda za su yi. Ku duba, tsofaffin malamai masu furfura ana koya musu inda za su tsaya da yadda za su rusuna. Ba wanda ya ce ya fi ƙarfin a koya masa.

Zauren ya kan sha ado da dubban furanni. Daga San Remo a ke aiko su ko wace shekara, watau garin da Nobel ya rasu. Mutum wajen 1,500 ke shiga, sai da takardar gayyata. Maza su kan sa baƙar kwat mai dogon baya da farar riga, mata su sa dogayen riguna. Amma an yarda mutum ya sa tufafin ƙasarsa. Cikin 1968 wani marubuci ɗan Japan ya zo da rigar gargajiyarsu. Cikin 1979 wani masani ɗan Pakistan, Abdus Salam, ya zo da rawaninsa. Da ɗayanmu zai je da babbar riga da hula, ba mai hana shi.

Da la'asar a ke farawa, duhu kuwa ya riga ya shiga. Sarkin Suwidin da iyalinsa su zauna gefe ɗaya na dandamali, masu kyauta su zauna gefe ɗaya, malaman da suka yi zaɓe suna bayansu. Sarki Carl Gustaf, wanda ya hau gado cikin 1973, ya shekara fiye da 50 yana wannan aiki.

Ko wace kyauta sai wani malami ya tashi ya yi bayaninta. Ku mutanen Bakura da Maradun, ƙasar da ta fid da Musa Ɗanƙwairo, ba sai an gaya muku yadda a ke wasa mutum gaban sarki ba. Can ma wasawa a ke yi, amma ba a ambaton uban mutum ko kakansa. Aikinsa a ke faɗi: ga matsalar da ta dami mutane, ga yadda ya warware ta, ga waɗanda suka amfana. In ya gama sai ya kira sunansa, ya ce ya matso ya karɓa daga hannun sarki.

To, a nan ne abin lura ya ke. Sarki ya kan miƙe tsaye. Da ya miƙe, duk zauren sai a miƙe. Mai kyauta ya tako zuwa tsakiyar wata shuɗiyar darduma, inda aka zana harafin N. Sarki ya miƙa masa lambar zinariya da takardar shaida, su yi musafaha, a busa ƙaho. Sa'an nan ya rusuna sau uku: ɗaya ga sarki, ɗaya ga malaman da suka zaɓe shi, ɗaya ga jama'a. Sai tafi ya kaure.

Lambar tana da hoton Nobel, nauyinta giram 175. Takardar shaida kuwa da hannu a ke rubuta ta, ko wace da irin tata. Akwai kuma kuɗi. Cikin 2024 ko wace kyauta kurona miliyan 11 ce, kuɗin ƙasarsu ke nan, watau wajen dalar Amurka miliyan ɗaya. In mutum biyu ko uku ne, sai su raba.

Walima

Daga nan sai a zarce babban gidan hukumar birni, a yi walima. Mutum wajen 1,300 ke zama cin abinci a ɗaki ɗaya. Ana kiran ɗakin Shuɗin Zaure, alhali kuwa bangonsa jan tubali ne. Magini ya yi niyyar shafa masa shuɗin fenti, da ya ga kyan tubalin sai ya fasa, suna kuwa ya riga ya bi shi.

Masu dafuwa sun fi 40, masu kai abinci wajen 200. Abin da za a ci asiri ne, ba a faɗi sai an zauna. Sarki da masu kyauta su kan sauko ta wata doguwar matakala, a jere, ana kiɗa. A kan ɗaga kofi don girmama sarki, sa'an nan sarki ya ɗaga nasa don tunawa da mai wasiyya. Can wajen ƙarshe, ko wace kyauta mutum ɗaya ya tashi ya yi godiya a taƙaice.

Akwai abu ɗaya da mu ke so ku lura da shi. Cikin masu cin wannan walima akwai ɗalibai fiye da 200. Su ne kuma ke yi wa manyan baƙi jagora, da fararen hulunansu da tutocin makarantunsu. Da gangan a ke yin haka, don yaro ya ga da idonsa inda karatu ke kai mutum. Sauran mutanen ƙasa kuwa su kan kalli abin a talabijin har tsakar dare.

Kashegari sarki ya kan kira su cin abinci a fadarsa. Waɗansu su kan ziyarci makarantu. Mai kyautar littattafai sau da yawa a kan kai shi wata unguwa, Rinkeby, inda 'ya'yan baƙi 'yan ci-rani daga ƙasashe da yawa ke karatu, yaran su karanta masa abin da suka rubuta a kansa. Wanda ya kai 13 ga wata a birnin kuma, da asuba 'yan mata masu fararen riguna su kan zo masa da kyandir a kunne suna waƙa. Wannan tsohuwar al'adar ƙasar ce ta lokacin duhu.

Ba ko wace shekara abin ke tafiya daidai ba. Daga 1940 zuwa 1942 ba a ba da kyauta ba saboda yaƙin duniya. Cikin 2020 da 2021 kuma annobar korona ta hana walima, aka kai wa mutane lambobinsu ƙasashensu.

Bikin Oslo

Kyautar zaman lafiya ita kaɗai ba a Sitokholm a ke ba da ita ba. A Oslo ne, babban birnin Norwe, a wannan rana ta 10 ga Disamba. Nobel ne ya rubuta cewa mutanen Norwe za su ba da ita. A zamaninsa sarki ɗaya ke riƙe da ƙasashen biyu, sai cikin 1905 suka rabu. A Oslo shugaban mutum biyar ɗin nan ne ke miƙa lamba, Sarkin Norwe yana zaune yana shaida. Da dare jama'ar gari su kan fito da jiniya a kunne, su yi jerin gwano zuwa masaukin baƙon, shi kuma ya fito saman bene ya ɗaga musu hannu.

Wani lokaci mai kyautar ba ya samun zuwa, don hukumar ƙasarsa ta tsare shi. Cikin 2010 an ba wani mutumin ƙasar Sin, Liu Xiaobo, yana kurkuku. Sai aka ajiye kujerarsa ba kowa a kai, aka ɗora lambar da takardar bisa kujera.

Namu Na Afirka

Cikin 1961 Albert Luthuli na Afirka ta Kudu ya je Oslo ya karɓi kyautar zaman lafiya. Malamin makaranta ne, kuma basarake, ya yi tsayin daka kan wariyar launin fata ba tare da ɗaukar makami ba. Da kayan sarautarsu ya shiga zauren. Cikin 1986 ɗan ƙasarmu, Wole Soyinka, mutumin Abekuta, ya karɓi ta littattafai. Laccarsa ya sadaukar da ita ga Nelson Mandela, wanda ke kurkuku lokacin. Bayan shekara bakwai, cikin 1993, Mandela da kansa ya je Oslo ya karɓi tasa. Cikin 1988 an ba Najib Mahfuz na Masar, wanda da Larabci ya ke rubutu. Tsufa ya hana shi tafiya, 'ya'yansa mata biyu suka karɓo masa. Cikin 2004 an ba wata mace 'yar Kenya, Wangari Maathai, wadda ta haɗa kan matan ƙauye suka dasa itatuwa miliyoyi.

Ba wannan ce kaɗai irin kyautar nan a duniya ba. A Riyad ta ƙasar Saudiyya akwai Kyautar Sarki Faisal, wadda aka fara cikin 1979. Cikin 1987 an ba Shehu Abubakar Mahmud Gumi, mutumin Gummi ta nan Zamfara, wanda ya fassara Alkur'ani da Hausa. Kun ga ke nan hanyar ba ta toshe wa ɗan ƙasarmu ba.

Ba mu ce masu zaɓe ba su kuskure ba, su ma 'yan Adam ne. Gandhi na Indiya bai samu ba, ko da ya ke an sha kawo sunansa. Chinua Achebe ya rasu cikin 2013 bai samu ba. Mata kaɗan ne ƙwarai suka samu in an gwada da maza. Har yanzu kuma ba a ba wanda ya yi rubutunsa da Hausa ba.

Ina Ruwanmu?

Watakila wani zai ce, ina ruwan mai noman shinkafa a Bakolori da bikin Turawa? To, bari mu duba.

Buhun takin zamani da ku ke saye ran kasuwar Talata, waɗansu Jamusawa biyu ne, Haber da Bosch, suka gano yadda za a jawo sinadarinsa daga iska. Dukansu an ba su wannan kyauta. Zazzaɓin da ke kwantar da yaranmu da damina, wani likita, Ronald Ross, shi ya tabbatar sauro ke kawo shi, aka ba shi kyauta cikin 1902. Saboda aikinsa mu ke kafa gidan sauro. Maganin zazzaɓin da a ke ba mu yanzu a asibiti, wata mace 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta fid da shi daga wani ganye, bayan ta bi tsofaffin littattafan magani na ƙasarsu. An ba ta kyauta cikin 2015. A wannan shekara kuma an ba waɗansu mutum biyu da suka gano ƙwayar da a ke rabawa kyauta don maganin tundurmi, da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Allurar fenisilin, da hoton ƙashi da a ke ɗauka in mutum ya karye, da farar tocilan da ku ke zagaya gona da ita, duk masu su sun karɓi wannan kyauta. Ba su san sunan garinmu ba, amma aikinsu ya shigo har ɗakunanmu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Kada kuma ku zaci duk 'ya'yan manya ne. Ga mutum uku.

Na fari Norman Borlaug, ɗan manomi a Amurka. Makarantar da ya fara, ɗaki ɗaya ce a ƙauye. Ya shekara da shekaru a gonakin ƙasar Meziko yana auratayyar alkama, har ya sami iri mai gajeren kara, wanda ba ya kwantawa, ga yawan tsaba. Irin nan ya tsamo Indiya da Pakistan daga bakin yunwa. Ran da aka faɗi sunansa cikin 1970 yana gona, sai da matarsa ta bi shi can ta gaya masa.

Na biyu Albert Camus, wanda aka haifa a Aljeriya. Ubansa ya mutu a yaƙi yana jariri. Uwarsa wanke-wanke ta ke yi a gidajen mutane, ba ta iya karatu ba. Wani malamin firamare ne ya lura da shi, ya je har gida ya roƙi a bar yaron ya ci gaba da makaranta. Da aka ba shi kyautar littattafai cikin 1957, sai ya zauna ya rubuta wa tsohon malamin nan wasiƙar godiya.

Na uku John Goodenough, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙago irin batirin da ke cikin wayar hannu. Yana yaro karatu ya yi masa wuya ƙwarai, haruffa su kan rikice masa. Bai fid da rai ba. An ba shi kyauta cikin 2019, yana da shekara 97. Wanda ke ganin ya tsufa da zaman aji, ya tuna da wannan. Gemu ba ya hana ilmi.

Abin Da Za Mu Ɗauka

Jama'a, ko wane gari abin da ya ke girmamawa shi 'ya'yansa ke bi. In yaro ya ga mai kuɗi kaɗai a ke tashi dominsa, kuɗi zai nema ta ko wace hanya. In ya ga sarki ya miƙe tsaye don malami, zai riƙe allonsa da littafinsa. Mutanen Suwidin sun gane haka, shi ya sa su ke kawo ɗalibai wurin walima.

Mu ma ba baƙin wannan al'ada ba ne. Ran da yaro ya sauke Alkur'ani, mu kan yi masa ado, ya karanta allonsa gaban jama'a, a yi walima, a kai wa malaminsa tukwici. Abin da ya rage shi ne mu faɗaɗa. Ran da za a ba 'yan aji takardar shaida, a kira maigari da liman da iyaye, a kawo yara su gani. A faɗi abin da ko wane ya iya a fili: wannan yanzu shi ke karanta wa unguwarsu wasiƙa, wannan ita ke duba takardar maganin 'ya'yanta, wannan ba a ƙara cutarsa wajen awo ba. Wanda aka ba takarda ya tashi ya karanta wani abu da bakinsa, wannan ita ce laccarsa. A tuna kuma da ungozomar da ta daɗe tana aiki, da manomin da ya gwada sabon iri ya koya wa maƙwabta, da dattijon da ya sulhunta manomi da makiyayi. Ba mu da zinariya, amma muna da goro, muna da baki, yabon gwani kuwa ya zama dole.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu amfani waɗansu da shi. Amin.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Alfred Nobel, kuma me ya ƙago?
2. Me ya sa a ke yin bikin ran 10 ga Disamba?
3. Wane abu ɗaya ne ya zama dole ga wanda aka ba kyauta?
4. Wace kyauta a ke ba da ita a Oslo?
5. Faɗi abu uku da mu ke amfani da su a garinmu waɗanda masu wannan kyauta suka gano.
6. Wa ya cancanci a girmama shi a garinku saboda aikinsa? Rubuta sunan aikin cikin littafinka.